Ledar Shara Mai Lamba

"Kai mai rufe fuska, cire hannunka daga sharar mutane!" in ji tsohuwar da ke kula da bolar unguwarmu a Osaka, ƙasar Japan.

Wata shida ina farautar masu tsattsauran ra'ayin da suka rantse gobe za su tashi tashar jirgin ƙasa da bam. Na bi rufin gidaje, na karya haƙarƙarina biyu, ko ƙeyarsu ban gani ba. Yau har shara nake tonawa, ko zan samu alamarsu.

"Kaka, rayuka nake son ceta!"

"Ladabi za ka fara koya. Dubi ledar samarin can, 'ya'yan kirki."

Na duba. Kwalaben sinadarin haɗa bam ne guda arba'in, an wanke su tas, an rubuta lambar ɗakinsu a jikin ledar kamar yadda dokar unguwa ta ce.

Wata shida!