Kwanon Kunun Aslak

Tun da aka ɗauki Rimas aiki a gonar, Aslak bai ƙara samun kwanciyar hankali ba.

Ba wai mutumin mugu ba ne. Magidanci ne daga ƙasar Lituwaniya, mai faɗin kafaɗa, yana kwashe kashin shanu yana fito. Abin da ke cin Aslak shi ne bakin Torunn, mai gonar. Madara ta ƙaru, Rimas. Saniya ta haihu lafiya a tsakiyar sanyi, Rimas. Ranar da ta tarar an kitse gezar goɗiyarta tsaf, har tafi ta yi.

"Kai Rimas, da yatsun nan naka kamar taɓarya ka yi wannan kitson?"

Ya sosa ƙeya, ya ci gaba da aikinsa.

Aslak yana tsaye gefen kwamin ruwa, ya murƙushe jar hularsa a hannu. Shi ya yi kitson. Shi ya juya marakin da ya zo a gicciye. Torunn ta wuce ta gabansa har bakin rigarta na gogarsa, ko kallo bai samu ba. Ita da ya tsamo daga rafi tana 'yar tatata, ya kwantar da ita a kan gaɓa, mutane suka ce sa'a ce.

Shi dai bai taɓa roƙon kowa komai ba. Ya yi wa ubanta aiki, ya yi wa kakanta da na gaba da su, kuma a ɗakin shanu yake kwana. Hakkinsa ɗaya ne tak: a jajibirin Kirsimeti a ajiye masa kwanon kunun shinkafa a bakin ƙofa, da curin man shanu a tsakiya yana narkewa. Man ne maganar. Kunu ai ko alade ana zuba masa, amma man shi ke nuna an san da zamanka.

Bara Torunn ta manta. Bara waccan ma haka. Ya haɗiye, ya ce aiki ne ya yi wa yarinyar yawa.

Bana da ranar ta zagayo, duhu ya shigo tun la'asar kamar yadda ya saba. Aslak ya ratsa dusar ƙanƙara, ya taka itacen girki ya leƙa tagar kicin. Ga Rimas nan ya baje a kujerar marigayi baban Torunn. Ita kuwa tana yanko man shanu da wuƙa tana dangwara masa a kwano, ba ƙyashi, suna ta dariya. Aslak ya yi ƙwafa. Baƙon da ko sunayen shanun bai gama riƙewa ba!

Can sai ga Rimas ya fito da wani kwano a hannu. Ya ajiye a ƙofar ɗakin shanu, ya koma ciki da sauri saboda sanyi. Aslak ya matso ya leƙa. Kunu ne fari fat, ko ɗigon mai babu.

Wato mutumin ya cinye yabonsa, ya cinye kujerar maigidansa, yanzu har mansa ya lashe, sannan ya kawo masa saura. Kishi ya turnuƙe tsohon har ba ya gani sosai.

Kowace yamma Rimas kan hau benen ciyawa ya turo wa shanu abincinsu. Tsanin dogo ne, ƙusoshi ke riƙe da kansa a jikin katako, ƙasa kuwa siminti. Aslak ya hau ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya bar tsanin a jingine kamar ba a taɓa ba. Da ya sauko, ya jawo manjagara ya kwantar da ita a ƙarƙashi, haƙoranta suna kallon sama.

Sai da ya gama zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, yunwa kuma ta taso. Ya ɗauki kwanon ya tafi can ƙuryar ɗaki, bayan tsohuwar saniya, yana ci yana tsaki. Da cokali ya kai gindin kwanon, sai ya ji ya nutse cikin wani abu mai laushi. Ya ɗago. Man shanu ne rawaya, curi guda, ya fi na kowace shekara girma.

Ƙofa ta buɗe. Torunn ce riƙe da fitila, Rimas na gabanta.

"Kai dai ba ka rabo da abin dariya," in ji ta. "Kakata ce ta ƙarshe da ta ɗauki wannan abu da gaske."

"Ki yi dariyarki." Ya kama tsani ya fara hawa. "Ni dai ban iya kitso ba, kin sani sarai. Marakin nan ma zuwa na yi na tarar an gama komai. Yabon wani kike ta ɗora mini, har kunya nake ji."

"To, sarkin biyayya, ina man? An ce fa ba ya yafe wannan."

"Yana ƙasa," ya amsa daga can sama. "In na sa a kai, ɓarauniyar kyanwar nan taki za ta lashe kafin bawan Allah ya iso."

Kan tsanin ya fara rabuwa da katako. Aslak ya yar da kwanon, ya ƙwala ihu da duk ƙarfinsa, ya ce kada ya ƙara taki ɗaya. Shanu suka juyo gaba ɗaya, goɗiya ta yi haniniya, kyanwa ta arce. Rimas kuwa ya miƙa ƙafa zuwa matakin ƙarshe yana fito, domin tun ranar da aka kafa gonar nan, ɗan'adam bai taɓa ganin aljanin da ke tsaron garken ba, balle ya ji muryarsa.