Ƙarar da Ke Bin Birkin Merle

Merle ya sake tsayawa a gefen titi, ya shige ƙarƙashin tsohuwar tirelar kwana da suke ja da motarsu. Da ya taka birki sai a ji gurrr, sannan gwaf! Ga gangaren duwatsun Montana na Amurka a gabansu, duk lanƙwasa, kafin su isa tafkin da suka nufa.

Ya kwance taya, ya duba maganaɗisun birki, ya bi wayoyin lantarki har ƙarshensu. Komai lafiya lau.

"Ba zan sauka gangaren nan da wannan ƙarar ba," ya ce wa matarsa Darlene. "Gida za mu juya."

"Haba Merle! Saura ƙiris fa mu kai tafkin."

"Tafkin guduwa zai yi? Ni rai ɗaya gare ni."

Darlene ta yi ta murza zobenta. Can ta shiga tirelar, ta buɗe durowar da ke saman taya, ta fito rungume da wani tulun tagulla.

Merle ya gane shi. Tokar gawar surukarsa ce da aka ƙone bayan rasuwarta, matar da ya rantse ba za ta ƙara bin motarsa ba.

"Mama ta bar wasiyya a watsa tokarta a tafkin," in ji Darlene. "Ita ke mirginawa da tulun ta bugi katako in ka taka birki."

Merle ya dubi baƙin man da ke hannuwansa. "Wato ko a mace ba za ta ƙyale birkina ba?"

"Ai tun tana raye take gaya maka, da ƙarfi kake takawa."