Hedifon Ɗin Mai Labaran Rana

Sau uku a mako guda hedifon ya ja mai karanta labaran rana a kunne, sau uku kuma Injiniya ya hau bene da gudu, akwatin kayan aiki na ƙara a hannunsa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Shekara biyu ya yi a gidan rediyon, cikin wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene, inda ba a tunawa da mutum sai abu ya lalace. Muryarta kawai ya sani, da gaisuwar bakin ƙofa. Yau ga shi tsaye a gefenta, tana murza kunne.

"Injiniya, in kashe ni kake so, bari in gama labarai tukuna."

Ya yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Ya canza waya, ya canza hedifon, ya kwance soket ya mayar. Bayan kwana biyu aka sake kiransa. Ya soma goge takalmi kullum, ya sayi turare, har ƙanwarsa ta tambaye shi ko yanzu masu saurare suna jin ƙamshi ta rediyo ne.

Mai labaran yamma shi ma da hedifon ɗin yake aiki, bai taɓa jin komai ba. Wannan ne ya fusata Manaja. Ya kira Injiniya ofis, ya tuna masa cewa da ƙyar aka rarrashi baiwar Allahn nan ta bar koyar da kimiyya a sakandare ta zo nan. In abin ya sake janta bayan wannan makon, zai nemo wanda ya san aiki.

Da aka tashi daga shiri, Injiniya ya zauna a kujerarta. Ya cire takalmi kamar yadda take yi, yana tunani yana jan ƙafa a kan kafet. Ya kai hannu ga hedifon. Ɗas.

Ya miƙe zumbur yana dariya shi kaɗai. Ashe ba wayar ba ce. Na'urar sanyi ta busar da iskar ɗakin, safa na goga kafet, lantarki na taruwa a jikin mutum, ƙarfen hedifon ya ba shi hanyar fita. Yana tsakiyar murna ya tuna cewa in ya gyara, hawan benen ya ƙare.

Ya ɗan jima a tsaye. Sannan ya naɗe kafet ɗin ya kai shi shara a bayan gini.

Washegari ya yi mata bayani dalla-dalla, har da zane a bayan takardar labarai. Ta zuba tagumi tana kallonsa.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe haka abin yake."

Kwana huɗu shiru. Manaja ya dafa masa kafaɗa a gaban mutane. Aikinsa ya tsira, turare na ƙarewa a banza a ƙarƙashin bene.

A rana ta biyar ya kasa haƙuri. Saura minti goma a fara labarai, ya ɗauki sukundireba don a ce da dalili, ya hau a hankali, ya tsaya a bayan gilashin ɗakin.

Ta ba shi baya. Ya ga ta buɗe jaka ta zaro wani yanki na kafet, an yanke shi tsaf da almakashi. Ta shimfiɗa a ƙarƙashin tebur, ta goga safarta a kai sau ashirin tana ƙirgawa, ta taɓa hedifon, ta zabura, ta gyara mayafi, ta ɗauki waya, sai tasa ta fara ƙara a aljihunsa.