Motar da Ta Daina Gaida Kogi

Kai da ba ka jure ƙorafin tsohon abu, matso ka ji misalin wani direba.

Mutumin nan yana da tsohuwar motar jeji, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ya gada wajen ubangidansa. Ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa, ban da ita ko akuya ba shi da. Aikinsa kai 'yan kasuwa wani ƙauye a ƙetaren wani faffaɗan kogi. Da rani kogin nan yashi ne fari fat, sai ka rantse ko'ina ɗaya ne, alhali a ƙarƙashi akwai wuraren da ruwa ke kwance, yashin ya koma kamar kunu. Wuraren kuma ba sa zama waje guda, yau suna nan, gobe sun gusa. Raƙuma sun sha shiga da kayansu ba a sake ganinsu ba. Amma motar tana da wata ɗabi'a. Da zarar ƙafafunta na gaba sun taɓa yashi mai ruwa a ciki, sai kulocinta ya kama ɓari, ɓarin ya bi tafin ƙafarsa ta hagu har cinya, sandar giya ta yi ta kaɗawa a hannunsa. Sai ya ja da baya ya sake hanya. Mutanen ƙauyen kan ce gaida masu kogi take yi, su kuma suna amsa mata. Ni ban ce iskoki ne ba, ban kuma ce ba su ba ne. Abin da na sani, bai taɓa kafewa ba.

To, a tasha fa abin dariya ne. Kulocin tauri gare shi kamar dutse, in zai sa giya kuwa sai ya kama sandar hannu bibbiyu yana juyi, har direbobi suka laƙa masa suna Matuƙin Tuwo. Ya shigo, a yi masa shewa. Ya fita, a bi shi da ita. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don mutum ne mai son a ganshi a yaba. Ranar da tura ta kai bango ya kai motar gareji, aka zare tsohon kulocin aka cilla cikin tarkace, aka ɗaura sabo mai laushi, aka canja sandar giya da wata gajera mai ƙyalli wadda yatsa biyu ke turawa. Makaniken ya share hannunsa ya ce, "Maigida, wannan ba ya ɓari, ba ya santsi. In ya kama, ya kama. Ka dai lura, ribas ɗinka ya bar inda ka saba." Shi kuwa gogan naka kunnensa na can tasha, yana jiyo yabon da ba a kai ga yi masa ba.

Ran kasuwa ya iso bakin kogi da tsakar rana, mota cike da mutane da buhunan gero. Ba iska, ba kukan tsuntsu, ko jakin nan da ba a rasawa a mashiga babu shi. Ya saki kuloci, mota ta zuba cikin yashi sumul, ƙafarsa ba ta ji komai ba. Daɗi ya kama shi. Sun yi nisa, gaɓar baya ta ƙanƙance, sai wata tsohuwa da ke zaune a bayansa ta ce a hankali, "Ɗan nan, yau ban ji motarka ta yi gaisuwa ba." Ya duba gaba ya ga yashin ya yi wani irin sheƙi, yana motsi a hankali kamar fatar dabba mai barci. Ya danne ƙafarsa a kan kulocin yana saurare, yana roƙon ɓarin nan da ya biya aka cire. Shiru.

Sai goshin motar ya sunkuya. Hannunsa ya zabura neman ribas, ya tafi inda ya saba zuwa shekara da shekaru, ya faɗa giyar gaba. Sabon kulocin kuwa bai yi ƙarya ba, da ya kama ya kama. Ƙafafu huɗu suka shiga haƙa a tare, kowacce tana tona wa 'yar'uwarta kabari. Salati ya kaure. Aka fito ta taga, aka jera buhunan gero aka taka, aka ja tsohuwar, Allah Ya kiyaye rai ko ɗaya bai salwanta ba. Shi ne na ƙarshen fita, takalminsa ma a ciki ya bar shi.

Suna tsaye a kan tudu suna kallo, yashi ya sha gilashi, ya sha rufi, ya haɗe bakinsa ya shafe, kamar ba a taɓa bi ta wurin ba. Har sun juya za su tafi, sai ham ɗin motar ya ɗauka daga ƙarƙashin ƙasa. Wataƙila yashi ne ya danne sitiyari, Allah masani. Ƙara ce doguwa, a shaƙe, suna jin ta a tafin ƙafafunsu fiye da kunnuwansu. Direban ya durƙusa ya dafa yashi da hannu biyu yana kuka wiwi kamar yaro, bai tashi ba har ƙarar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, garin neman gira a kan rasa ido.