Hular Da Jirgi Ya Riƙe

"Baba, likita ya ce ruɗewar tsufa ce," in ji 'yarsa, takardar kai shi gidan kula da tsofaffi a hannunta. "Landan zuwa New York cikin awa uku da rabi, wannan na yarda. Amma ka ce masa jirginku yana miƙewa a sama kamar roba?"

Tsohon injiniyan jirgin ya jawo sandarsa. "Ba na sa hannu sai kin kai ni gidan tarihi."

A gidan tarihin, da ƙyar ya hau matakalar jirgin nasu da aka ajiye can tun da ya daina tashi, amma ya ƙi yarda a riƙe shi. A ɗakin matuƙa ya nuna gefen kujerarsa ta dā. Bakin wata hula ne ya leƙo daga tsakanin ƙarafa biyu, inda ko allura ba za ta shiga ba.

"Ja ta."

Ta ja, hula ko gezau.

"In muka ninka gudun sauti, zafi kan miƙar da jirgin, wurin nan ya buɗe har hannu ya shige. Ranar tashinmu na ƙarshe na cusa ta. Da muka sauka ya huce, ya haɗe bakinsa."

Ta sunkuya. Ga karkataccen ɗinkin jan zare a gefen hular, wanda ta yi masa tana 'yar shekara tara.

Ta ninke takardar a hankali. "Yaya za a ciro ta?"

"Sai jirgin ya sake tashi," in ji shi. "Kafin nan, ni ma ba inda za ni."