Fostar Kansila

Da farce wata tsohuwa ke ɓamɓare fostar kansila daga bangon layinsu, a hankali, ko gefenta ba ta yaga ba.

Tela ya leƙo daga shagonsa. "Yauwa Inna, cire ta! Tun da muka zaɓi mutumin nan bai sake taka layin nan ba, ko famfo bai gyara mana ba. Yanzu zaɓe ya zo, ya aiko mana da hoto."

Ta shige ɗakinta, ta manna fostar kusa da gadonta, ta shafa kumatun hoton.

"Ka yi ƙiba, autana," ta ce. "Yau dai ka shigo ɗakin uwarka."