Safar Malam Mato

A zamanin da asibitoci ke ba masu ciwon suga safa mai sauke ciwo, ɗaurewar jijiyar da ke hana su barci takan koma ƙafar wanda ya sa ɗaya safar. Malam Mato ne ke ɗaukar wa matarsa Lantana nata ciwon, har ya rasu.

Da ta fita takaba, ta mayar da safarsa asibiti, ta miƙa wa wata ma'aikaciya.

"’Yar nan, tun rasuwarsa tana cikin akwati, amma barci nake kamar jaririya."

Ma'aikaciyar ta duba na'urarta. "Mama, har yanzu ana karɓar ciwon."

Lantana ta ciro tata safar daga jaka, ta ɗora a kan tasa.

"Riƙe duka biyun. Bawan Allahn nan ya gaji, a bar shi ya kwanta."